Jan Ƙyalle a Makunnin Fanka

Da safe Mataimaki ya kunna fitilun ɗakin gwaji, ya leƙa ta gilashi kamar yadda ya saba, sai ya tarar babu fiffiken jirgin da suke gwadawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya sake leƙawa, ko laifin tabarau ne. Wurin yana nan wayam, daɓen ƙarfe sai sheƙi yake. Mutum ne mai jiki, bai saba sauri ba, amma ranar an ga gudunsa har ofishin Darakta.

Da hantsi Sufeto ta iso. Doguwar mace ce mai sanyin magana, wadda abokan aikinta ke yi wa tsiya da cewa a tsaye take barci. In ana yi mata bayani sai ka ga idonta ya tafi kan labule, ko kan ƙurar da ke yawo a cikin hasken taga, har mai maganar ya zaci ta manta da shi. Ɓarayi da yawa sun yi wannan zaton, kuma yanzu sun sami isasshen lokacin yin nadama.

Darakta ya tare ta a bakin ƙofa, yana tafiya yana magana.

"Gobe mutanen kamfanin jirage za su zo ganin gwaji. Shekaru muna jiran zuwansu. Ba fiffike, ba gwaji. Kuma ni na san wadda ta ɗauka."

"To ai aikina ya yi sauƙi," in ji Sufeto. "Amma fara nuna mini abin da aka ɗauka, ko da gurbinsa ne."

Ya kai ta wurin da suke kira Bututu. Wani katafaren lungu ne na ƙarfe da ya zagaye ginin ya dawo ya haɗe da kansa kamar zobe. A can baya akwai fanka wadda ta fi ɗaki tsayi, ita ke koro iska. A gaba kuma akwai ɗan ɗakin gilashi inda ake kafa abin da za a gwada, iska ta bi ta kansa, mutane na kallo daga waje. A nan aka kafa fiffiken a tsaye, aka ɗaure gindinsa da notuna. Samfuri ne, tsawonsa bai kai mutum ba, kuma mutum ɗaya na iya rungumarsa ya ɗaga.

Sufeto ta tambayi abin da ya raba shi da sauran fikafikai. Nan muryar Darakta ta yi laushi, don duk faɗansa yana ƙaunar aikin. Ya ce jirgi na tashi ne saboda iska tana manne da bayan fiffikensa tana bi sumul. In ya rage gudu ko ya ɗaga kai da yawa, sai iskar ta saki ta hargitse, jirgin ya fara rikitowa. Malam, tsohon da ya kafa wurin, ya daɗe yana kallon tsuntsaye in za su sauka, ya lura da wasu ƙananan gasu da ke miƙewa a bayan fiffikensu su tare iskar da ke neman guduwa. Sai ya zana irinsu na ƙarfe, sirara kamar ɓawon albasa. Amma duk mai waldar da ya gwada liƙa su sai ya ƙone su, har 'yar autar Malam, wadda suke kira Injiniya, ta dawo daga karatu ta ƙirƙiro hanyar walda da lesa, wani siririn haske mai narka ƙarfe, tare da wani ɗan baki mai hura gas yana share hayaƙi daga gaban hasken. Da hannunta ta liƙa kowane gashi da ke jikin fiffiken.

"Kuma ita kake zargi," in ji Sufeto.

"Ita. Wani kamfani na zawarcinta, kowa ya sani, har mun yi cacar baki a kai. Tana da makulli, ita ta fita ƙarshe jiya. Ki tafi da ita kawai, a caji ofis za ta tuna inda ta kai shi."

"In rana ta faɗi ban ga fiffike ba, zan tafi da ita."

Sufeto ta faɗi haka ne ba da son ranta ba, don ta san abin da yake nufi. Masu wannan sana'a ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Macen da aka fita da ita daga nan a motar 'yan sanda, ko washegari aka wanke ta, babu mai sake ba ta makullin ɗakin gwaji.

Ta cire takalmi ta shiga ɗakin gilashi ita kaɗai. Fanka a kashe take, amma duk da haka wata 'yar iska mai sanyi na ratsa wurin tana kaɗa bakin mayafinta, ba a san daga inda take fitowa ba. Sufeto ta tsaya tana jin ta a kumatu har Darakta ya fara duba agogo. Can ta durƙusa a gurbin fiffiken. Ramukan da aka zare notuna daga ciki ba a buɗe suke ba. An liƙe kowanne da salatef mai ruwan azurfa, an murje shi da babban yatsa har ba ka jin bakinsa in ka shafa. Da ta fito ta lura da wani babban makunni a jikin bango, an ɗaura masa jan ƙyalle a hannu.

Ta fara da Maigadi, wani dattijo mai rediyo a kafaɗa.

"Jiya da yamma wa ya fita da kaya?"

"Ba kowa, Hajiya. Ko kwali ba a fitar ba. Duk motar da za ta fita sai na leƙa but."

"Motar Injiniya fa?"

"Tana wurin bakanike. A ƙafa ta fita, da 'yar jakarta. Sai dai in naɗe fiffiken ta yi ta cusa a ciki."

"Akwai wata ƙofa?"

"Akwai ta baya, amma zanzaro ya yi gida a kwaɗonta tun bara. Je ki gani."

"Kai kana shiga Bututu?"

"Ni? Abin da ba shi da rai amma yana numfashi? Allah ya tsare gatari da noma."

Ya yi dariya shi kaɗai. Sufeto ta zagaya baya, ta tarar da gidan zanzaro lafiya lau a kan kwaɗo, masu gidan na ta harkarsu. Ke nan fiffiken bai bar ginin ba.

Ta sami Mataimaki a gaban na'urorinsa, ya zuba tagumi, shayinsa ya huce.

"Jiya me kuka yi?"

"Ɗan gwajin ɗanɗano, ranki ya daɗe. A hankali muka kunna fanka. Gobe ne za a sake ta gaba ɗaya."

"Lafiya aka gama?"

"Lafiya ƙalau, na'urori duk sun nuna daidai. Sai dai a tsakiya Malam ya ɗaga hannu, na tsayar. Ya karkata kai ya yi shiru, can ya ce ba komai, a ci gaba."

"Ya saba yin haka?"

"Ai shi ya sa ake ce masa Mai Kunne. Kafin na'ura ta ga matsala shi ya riga ya ji ta. Ya taɓa jin noti ɗaya da ya kwance a tsakiyar ƙugin fankar nan. Mu dai mun daina musu da kunnensa."

"Jan ƙyallen can fa?"

"Dokar Bututu ce. In akwai mutum a ciki, ko wani kaya da ba a ɗaure ba, sai a ɗaura shi a makunni don kada wani ya kunna. Iskar nan ko sifana ta ɗauka, sai ta mayar da ita harsashi."

"Wa ya ɗaura?"

"Ni na ɗaura jiya da muke aiki a ciki, amma na kwance kafin mu kunna." Ya tsaya ya dubi ƙyallen, ya sosa ƙeya. "Ƙila na sake ɗaurawa na manta. Kwanakin nan kaina ba ɗaya ba."

"Salatef ɗin da ke kan ramuka?"

"Haka muke yi. Rami ko na allura ne, in iska ta bi ta kai sai ta yi fito ta ɓata awo. Hannunmu ya riga ya saba. Ni ko a gida na ga rami sai in ji ina neman salatef, matata har ta gaji da ni."

"Kai ka liƙe waɗannan?"

"Yau ko ƙafa ban sa a ciki ba."

"Daga nan ina ka tafi jiya?"

"Asibiti, surukata ce a kwance. A benci na kwana. Ki tambayi ma'aikatan jinya, sun kai ƙarar minsharina."

Sufeto ta buga waya asibiti. Sun tuna da shi, kuma ba da daɗi ba.

Ɗakin walda yana ƙarshen baranda, da jar fitila a saman ƙofa. Injiniya ta buɗe, ta miƙa wa Sufeto baƙin tabarau tun kafin ta gaishe ta. 'Yar siririya ce mai tsayayyen ido, da farar safa a hannu. Ta ce a yi mata haƙuri ta ƙarasa layin da ta fara, don in ta bar hannunta ba aiki kuka za ta yi. Sufeto ta tsaya tana kallo. Ta cikin tabarau duniya ta koma kore mai duhu, kamar ƙarƙashin ruwa, sai wani ɗigon haske da ke tafiya a hankali a kan ƙarfe, ba tartsatsi, ba ƙara, in ban da ɗan hucin gas. Inda ya wuce sai ka ga ƙarfe biyu sun zama ɗaya, da wani layi mai kyau kamar ɗinkin hannu. Sufeto ta ji za ta iya yini a nan. Da hasken ya mutu sai da ta yi ajiyar zuciya.

"Kamfanin da ke zawarcinki?"

"Na ce musu a'a tuntuni. Darakta ne bai yarda ba."

"Me ya sa kika ƙi?"

"Baba yana nan."

"Kin iya kwance fiffiken?"

"Noti ne, kowa zai iya."

"In kin kwance, me za ki yi da ramukan?"

"Waɗanne ramuka?"

Sufeto ta dube ta sosai. Babu alamar wasa a fuskarta.

"Ni aikina a ɗakin nan yake ƙarewa," in ji Injiniya. "In na miƙa musu, sai kallo ta gilashi. Ban taɓa taka cikin Bututu ba."

"Kin yarda da waldarki?"

Nan idonta ya kawo wuta. "Kowane gashi sai da na duba shi a madubin ƙara girma kafin na saki. In fanka ta cire ko ɗaya, ki zo ki yanke mini hannu."

"Mahaifinki me ya ce da ya ji ana zarginki?"

Injiniya ta shiga zare safar hannunta yatsa-yatsa. "Bai ce komai ba. Yana tsaye Darakta ya nuna ni da yatsa, sai ya juya ya hau sama. Wannan ya fi zargin ciwo, ranki ya daɗe."

Ofishin Malam yana saman bene. An rataye ƙananan jirage da fikafikai na katako daga silin da zare, da Sufeto ta turo ƙofa duk suka fara juyawa a hankali, kowanne da nasa ra'ayin. A ƙarƙashinsu wani ɗan tsoho ne a zaune, ƙarami, ramamme, yana kallon taga. Ta gaishe shi da ladabi, ya nuna mata kujera. Kafin ta yi tambaya ya fara ba ta labarin iska, yadda take da hali irin na mutane, tana bin wanda ya lallashe ta, tana barin wanda ya matsa mata. Muryarsa na da daɗi, kuma Sufeto ta bar shi ya yi ta yi, tana bin inuwar jiragen a bango da ido.

Can ya katse kansa ya karkata kai. "'Yata, ki taimaka ki rufe tagar nan."

"A rufe take, Baba."

"To wannan fiton fa? Ba ya damunki?"

"Wane fito?"

"Siriri haka, can sama-sama." Ya yi murmushi. "Ƙila bakin tagar ne ya saki."

Sufeto ta kasa kunne. Ba ta ji komai ba sai takun agogon bango.

"Baba, kana ganin 'yarka ce ta ɗauka?"

"Auta ba ɓarauniya ba ce."

"Me ya hana ka faɗa wa Darakta haka?"

Ya ɗauki wani ɗan fiffiken katako yana shafa bayansa. "In ba a gan shi ba, ai sai a ɗaga gwajin, ko ba haka ba? A ƙera wani a nutse, a duba komai da kyau."

"In ba a gan shi ba, da yamma zan tafi da ita."

Hannunsa ya tsaya. "Darakta faɗa kawai yake. Zai huce."

"Ni ba faɗa nake ba, Baba."

Sufeto ta ba shi lokaci, har fiye da yadda take ba mutane, amma bai yi amfani da shi ba. Ta fito ranta a jagule, don ta ji tsohon ya kwanta mata a rai, kuma ba ta son inda tunaninta ya dosa.

Ta koma wurin Maigadi da tambaya ɗaya.

"Yau da safe wa ya riga Mataimaki shigowa?"

"Ba kowa."

"Ko mutum ɗaya?"

"Sai Malam mana. Amma shi ai ba a lissafa shi, Hajiya, da shi aka gina wurin. Kullum da sassafe yake zuwa ya zauna a ciki, wai yana sauraro."

Da la'asar ta tara su a gaban ɗakin gilashi. Ta tambayi Mataimaki ko akwai wata hanyar shiga Bututu, tunda daga ɗakin gilashi raga ta tare gaba da baya. Ya kai su ta bayan ginin, kusa da fanka, ya nuna wata 'yar ƙofar ƙarfe a jikin bango. Ya dubi ƙofar, ya dubi tumbinsa.

"Ni dai rabona da shiga ta nan tun kafin in yi aure."

Sufeto ta karɓi tocila ta ce Injiniya ta biyo ta. Ciki duhu ne da sanyi, bango a lanƙwashe, ba kusurwa, ba inda ido zai tsaya. Takunsu na tafiya gaba ya zagayo ya same su ta baya. A sama fikafikan fankar na tsaye cik, hasken tocila na zamewa a kansu. Suka yi ta tafiya kamar masu tafiya a mafarki, har suka kai inda lungun ya karya, inda aka jera wasu dogayen faifan ƙarfe masu juya iska. A bayansu akwai wani abu a kwance, an shimfiɗa masa soso, an lulluɓe shi da bargo, an cusa bakin bargon ta ƙasa yadda ake yi wa jariri.

Sufeto ta ɗaga gefe ɗaya. Ƙananan gasun ƙarfe suka yi ƙyalli, suna ɗan motsi da numfashinta. Ta juyo don ta ga farin ciki a fuskar Injiniya, sai ta ga ba fiffiken take kallo ba.

"Wannan bargon na gidanmu ne," in ji Injiniya, murya can ƙasa. "Na marigayiya Umma ne. A ofishinsa Baba yake ajiye shi."

Suka fito da fiffiken tare, suka kwantar da shi a kan tebur. Darakta ya yi tsuru-tsuru. Sufeto ta jingina da bango ta fara magana, idonta a kan jan ƙyallen.

"Ɓarawo sauri yake yi. Wanda ya zare notunan nan ya tsaya ya liƙe kowane rami ya murje, alhali babu iskar da za ta bi ta kai. Bai yi don wani dalili ba, hannunsa ne ya yi ba da saninsa ba. Wannan hannun mutanen Bututu ne. Injiniya ba ta ma san akwai ramukan ba, Maigadi kuma tsoron wurin yake. Sannan ƙyallen. Mataimaki ya kwance shi jiya, in ba haka ba da ba ku kunna fanka ba. Wani ya sake ɗaurawa, kuma a dokarku ba a ɗaura shi sai in akwai kaya a ciki. Mutumin ya iya ɓoye fiffike, amma ya kasa barin kaya a Bututu bai ɗaura ƙyalle ba. Mutanen Bututu biyu ne. Ɗaya ya kwana a asibiti, kuma ƙofar nan ba za ta karɓe shi ba." Ta juya a hankali. "Saura kai, Baba."

Malam bai yi musu ba. Ya ja kujera ya zauna, kamar wanda ya daɗe yana jiran a ba shi izini.

"Jiya da ake gwaji na ji fito," in ji shi. "Siriri. Na san irinsa, fiton ƙarfen da ya fara saki ne. Na ce a raina waldar wani gashi ta ɗaga. Gobe in aka saki fanka gaba ɗaya zai fizge, ya ja 'yan'uwansa, a gaban baƙi. Ba za su ce zanen Malam ne ba, za su ce waldar yarinya ce. Na kwana ina juyi. Da sassafe na zo na duba da tocila, ban ga komai ba, amma fiton na nan a kunnena. Sai na ce bari in kawar da shi, a ɗaga gwajin, in sami lokaci in nemo wurin ni kaɗai. Ban zaci za a ɗora mata ba. Da aka ɗora mata kuma, na rasa ta inda zan fara."

"Yanzu kana jin fiton?" in ji Sufeto.

Ya karkata kai. "Ina ji."

"Fanka a kashe take, Baba. Fiffike ga shi a kan tebur. A ofishinka ma ka ji shi, taga a rufe, ni kuma ban ji komai ba."

Tsohon ya ɗaga tafin hannu ya toshe kunnen dama, ya saurara. Ya toshe na hagu. Ya toshe duka biyun, ya runtse ido, ya daɗe a haka. Can ya sauke hannuwansa.

"Yana nan," ya ce. "A cikina yake."

Mataimaki ya juya baya yana goge tabarau. Shekarun da tsohon ya yi a gindin fanka ne suka zo karɓar hakkinsu a kunnensa, kuma kowa a wurin ya gane haka ba tare da an faɗa ba. Sufeto ta ji tausayinsa, amma ba ita ce ke da magana ba yanzu.

Injiniya ta matso gaban mahaifinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, na yini ana kallona a matsayin ɓarauniya, kana sama kana ji. Wannan zan iya haɗiyewa. Amma ka ji abu a aikina, bene ɗaya ne tsakaninmu, ka kasa saukowa ka tambaye ni?"

"Tsoro na ji miki, Auta."

"Ba tsoro ba ne. Ka yarda da kunnenka, ba ka yarda da hannuna ba."

Darakta ya yi gyaran murya, ya ce ya janye ƙara, ai abin na cikin gida ne, kuma yana neman afuwar Injiniya. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta rungumi fiffiken ta shige ɗakin walda ta rufe ƙofa. Sufeto ta ɗauki bayanin Malam a taƙaice, don doka na son a rubuta, ko da ba wanda za a kama. Rana ta yi ja sosai kafin Injiniya ta fito. Ta ce ta bi kowane gashi, babu wanda ya motsa, kuma ba za ta jira gobe ba. A kafa shi yanzu, a saki fanka gaba ɗaya.

Mataimaki ya kafa, ya ɗaure, ya fito ya kwance ƙyallen. Malam ya tashi ya nufi wurin tsayuwarsa a jikin gilashi.

"Baba," in ji Injiniya, "ka jira a waje."

Ya dube ta, ya dubi Mataimaki, ya dubi Darakta. Ya fita baranda ya zauna a benci, aka rufe ƙofa. Sufeto ta riga ta gama aikinta, motarta na jira, amma sai ta sami kanta zaune kusa da shi.

Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ƙugin fanka ya taso daga nesa yana kumbura har ya cika ginin.

"Tunda aka gina wurin nan ba a taɓa kunna ta ina waje ba," in ji Malam. "'Yata, leƙa mini."

Sufeto ta tashi ta leƙa ta ɗan gilashin ƙofa. An saki hayaƙi a cikin iska, fararen layuka sirara suna zuwa a jere, su hau bayan fiffiken su sauka. Aka karkata fiffiken a hankali. Layukan suka fara rawa suna neman watsewa, sai ƙananan gasun suka miƙe gaba ɗaya, suka tare su, layukan suka koma suka kwanta. Aka ƙara karkata shi, suka sake miƙewa. Injiniya na tsaye dab da gilashi, hannuwanta a naɗe a ƙirji.

Sufeto ta dawo ta sunkuya kusa da kunnensa. "Sun riƙe, Baba. Dukansu."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da hannun riga. "Ta juyo ta neme ni?"

Sufeto ta sha yi wa ɓarayi ƙarya don ta sami gaskiya, kuma bai taɓa damunta ba. Ta dubi tsohon, ta ga ba za ta iya ba.

"A'a, Baba. Ba ta juyo ba."

"To," in ji shi.

Ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya fuskanci ƙofar yana jira a buɗe.